Haƙƙin Makaho a Kan Littafin Waya: Jawabin Sakatare a Taron Wata



Maganar da aka ɗora mini yau ita ce ta littattafan da ake karantawa a waya da kwamfuta, da haƙƙin 'yan'uwanmu masu naƙasa a kansu. Na san wani zai ce mu da muke fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, ina ruwanmu da wannan? To, ya duba gidansa. Akwai tsohon da yanar ido ta hana shi karatu, akwai wanda ɓarin jikinsa ya shanye ba ya iya juya shafi, akwai kuma yaron da aka haifa ba ya gani, wanda aka riga aka yanke masa bara tun bai yi wayo ba.

Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta daɗe tana cewa littattafan da makaho zai iya karantawa ba su kai kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake bugawa ba. Da littafi ya koma waya sai aka ga kamar an huta, domin waya tana magana. Ta Android tana da TalkBack, iPhone tana da VoiceOver, kwamfuta kuma ana sa mata NVDA kyauta. Duk suna karanta rubutu da murya.

Amma a nan gizo ke saƙa. Manhajar nan haruffa take karantawa, ba ta ganin hoto. Da yawa daga cikin littattafan da ake tura wa 'ya'yanmu ta WhatsApp, hoton shafi aka ɗauka aka haɗa aka kira shi PDF. Mai ido zai ce littafi ne, makaho kuwa ya buɗe ya ji shiru. Wani lokacin rubutun yana nan, sai dai ba a yi wa babi alama ba, mai neman babi na 12 sai ya saurara tun daga farko. Ko a sa taswira ba a rubuta bayanin abin da ke cikinta ba. Ko kamfani ya kulle littafin don tsoron masu satar fasaha, kullewar ta hana manhajar makaho shiga. Akwai tsarin da ake kira EPUB wanda, in an shirya shi da kyau, mai raunin ido zai ƙara girman harafi yadda yake so, makaho ya saurara ko ya karanta da yatsa a na'urar rubutun makafi. Duk wannan a wajen shirya littafi ake yin sa, kuma ya fi araha a yi tun farko da a dawo gyara.

Mu masu Hausa muna da ƙarin namu. Muryar da ke cikin yawancin wayoyinmu ta Turanci ce, in ta kama Hausa sai ka rantse ba yarenka ba ne. Sannan haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, wasu masu buga rubutu har yanzu da tsohuwar dabara suke yin su, ido ya ga harafin daidai, na'ura ta ga wata alama daban. Mu da muka koyi karatu da furfura a ajin yaƙi da jahilci mun san bambancin kafa da ƙafa ba wasa ba ne.

Yanzu ga doka. A shekarar 2013 ƙasashe sun ƙulla yarjejeniya a birnin Marakesh na Maroko, ta fara aiki a 2016, Nijeriya ta amince da ita a 2017. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta shigar da ita cikin dokokinmu. Ma'anarta, hukuma ko cibiyar da ke yi wa makafi hidima tana iya mayar da littafi zuwa sauti ko rubutun makafi ba tare da neman izinin mai littafin ba, muddin ta same shi ta halastacciyar hanya, ba don riba ba, kuma masu lalurar kaɗai za a ba. Ga kuma dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda ta ba su ilimi kyauta har sakandare.

Sai dai ku lura, dokar haƙƙin mallaka izini ta bayar, ba ta tilasta wa maɗaba'a komai ba. Tarayyar Turai ta wuce nan. Tun 28 ga Yuni 2025, sabon littafin na'ura da za a sayar a can dole ya zama mai naƙasa zai iya karantawa, in ban da na ƙananan kamfanoni. A ganina wannan ya kamata mu nema, musamman kan littattafan makaranta da gwamnati ke saye da kuɗin jama'a.

Kafin nan, duk mai ɗa makaho a makaranta ya je da kansa ya nemi a ba yaron darasi a rubutun da waya ke karantawa, kada ya karɓi hoto. In an ƙi, ya zo ofis mu rubuta takarda da sunan ƙungiya, mu aika kwafi ga Hukumar Kula da Masu Naƙasa ta Ƙasa a Abuja. Matasanmu masu rubuta littattafan Hausa su riƙa ajiye asalin rubutun, su sa wa kowane babi kai. Ina kuma roƙon Sarkin Makafi ya kawo mana sunayen yaran da suka isa shiga makaranta kafin zama na gaba.