Da Ruwan Ciki Ake Jan Na Rijiya: Wa Ke Ɗauke da Nauyin Wasanni a Jami'ar Damagaram?

Yayyena da ƙannena, samari da 'yan mata na Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da Kara-Kara, sannunku da zuwa, sannunku da haƙurin zafi.

An ce in yi magana a kan wasanni a jami'armu. Na san wasu sun zo da niyyar a yi musun wa ya fi wa iya ƙwallo. Wannan ku bari sai mun koma fada da dare. Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke bayan fili: wa ke horar da 'yan wasan, wa ke biyan shi, daga ina kuɗin ke fitowa, kuma wa ke duba inda suka shiga.

Jami'ar Damagaram yarinya ce. A 2010 aka kafa ta, tare da ta Maraɗi da ta Tawa, alhali ta Yamai tana nan tun 1971. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Yanzu tamu tana ɗauke da sunan Farfesa André Salifou, ɗan garin nan, wanda ya rubuta tarihin Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma jagoranci taron ƙasa na 1991. Jami'a sabuwa kuwa kamar sabon gida ce, komai ana nemansa lokaci guda: ɗakin karatu, ɗakin kwana, littattafai, malamai, ruwa, wuta. Idan aka jera buƙatun nan, wasa ne ke zama a layin ƙarshe, kuma ba na ganin laifin wanda ya jera su haka. Amma abin da ke layin ƙarshe shi ake fara mantawa, shi ya sa ya kamata wasu su riƙa tuna da shi.

A tsarin ƙasarmu, jami'a na kula da karatu, hukumar CROU kuma na kula da rayuwar ɗalibi: abinci, makwanci, motocin jigila, lafiya, sannan wasanni da al'adu. Kun ga ke nan ƙwallo da shinkafa tukunya guda suke ci. Ranar da kuɗin gwamnati suka makara, ko hatsi ya yi tsada a kasuwa, me kuke zaton darakta zai fara biya? Abinci zai saya, kuma daidai ya yi. Ɗalibin da bai ci ba ba zai iya zagaye fili ba, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sai dai sakamakon shi ne duk abin da ba shi da nasa layi a kasafin kuɗi, rubutacce, wanda ba a taɓawa, kullum ragowa yake jira.

To mu zo kan ma'aikata, don nan ne gizo ke saƙar.

Ƙungiyar wasa ta jami'a, komai ƙanƙantarta, tana buƙatar mutum huɗu aƙalla. Akwai mai tsara shekara, wanda ya san ranar gasa da ranar jarrabawa, yake rubuta takardu, yake riƙe lissafi. Akwai mai horarwa. Akwai mai kula da kaya da fili, wanda ya san ƙwallo nawa aka saya, nawa suka fashe, nawa suka yi ƙafa. Akwai kuma mai duba lafiya, wanda zai tsaya bakin fili da akwatin magani. A ƙananan jami'o'i sau da yawa mutum guda ne ke ɗauke da duka huɗun, ko kuma an raba su ga ɗalibai 'yan sa-kai. Ɗan sa-kai yana da himma, wani lokaci ma ya fi mai albashi. Matsalarsa ɗaya: yana gama lisans zai tafi. Ya tafi da lambobin waya, da sanin inda ake aron raga, da sanin wa ake gani a wane ofis. Wanda ya gaje shi ya fara daga tushe. Bayan shekara uku shi ma ya tafi. Haka za a yi shekara goma ana gini ana rushewa, kowa yana iya ƙoƙarinsa, amma bangon bai wuce gwiwa ba.

Mu dubi ƙwallon ƙasarmu mu ɗauki darasi. Ku lissafa ƙungiyoyin da suka daɗe suna cin kofi: AS FAN ta soja, AS GNN ta garde, USGN ta jandarma, AS Douanes, AS Police, Nigelec, SONIDEP. Me ya haɗa su? Kowace tana da hukuma a bayanta, mai biyan albashi ƙarshen wata. Espoir ta garin nan ta ci kofin ƙasa a 1984, shekara guda bayan Jangorzo ta Maraɗi. Tun daga nan kusan kowace shekara a Yamai kofin ke kwana. Shin ƙafafun yaran Damagaram ne suka canza? Ko kaɗan. Wanda ke da mai horarwa na dindindin da kuɗin mota tabbatacce shi ke daɗewa a sama. Jami'a ita ma hukuma ce, tana da abin da ƙungiyar unguwa ba ta da shi: takardar albashi, fili nata na kanta, da sababbin matasa da ke shigowa kowace shekara ba tare da an je neman su ba.

Masu horarwar ma ba sai an je wata ƙasa ba. Makarantar INJS da ke Yamai aikinta ke nan, yaye malaman motsa jiki da masu kula da matasa. Ma'aikaci guda na dindindin daga can, wanda aikinsa kawai wasannin jami'a ne, zai yi abin da 'yan sa-kai ashirin ba za su iya ba, don shi yana nan bana, yana nan baɗi. A ƙara masa 'yan kwantaragi na lokacin gasa, da masu hidimar ƙasa. Ta fannin lafiya kuma, gari ne mai sashen koyon likitanci a jami'a, da makarantar ma'aikatan lafiya, da babban asibitin ƙasa. A irin garin nan bai kamata yaro ya karye a fili a ɗauke shi a kan kabu-kabu ba wanda ya ɗaure masa ƙafa. Ɗaliban likitanci na manyan azuzuwa, ƙarƙashin idon malamansu, suna iya karɓa-karɓa a bakin fili. Su sun samu horo, 'yan wasa sun samu kariya. Ku tuna a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40. Wanda ya san aikinsa ne zai ce a koma atisaye da asuba, a ajiye ruwa, a sassauta lokacin azumi.

Yanzu kuɗi. Bari mu yi lissafin misali, irin na bakin allo, kowa ya bi da kansa. Ƙungiyar ƙwallo ta mutum 18, da mai horarwa, da mataimaki, da mai magani, da jagora, mutum 22 ke nan. Mu ce ci da kwanan kowa jika 5 ne a rana. Rana guda jika 110. Mako guda jika 770. Ba a sa kuɗin mota ba, kuma tsakaninmu da Yamai kusan kilomita 900 ne. Ba a sa riguna da takalma ba. Wannan ƙungiya guda ce, ta maza, a wasa guda. Yanzu ku juya lissafin. Idan kowane ɗalibi ya ba da jika guda a shekara don wasanni, ɗalibai 1,000 sun tara miliyan guda. Tafiya guda ta cinye gudummawar mutum 770, waɗanda mafi yawansu ba su taɓa ƙwallon ba, ba su ma ga wasan ba.

Lissafin nan yana koya mana abu biyu. Na farko, tafiye-tafiye ne ke cin kuɗi, don haka a fara da na kusa. Gasa tsakanin sassan jami'a, tsakanin jami'a da manyan makarantun gari, tsakaninmu da Maraɗi da za a iya zuwa a dawo cikin kwana biyu. Da kuɗin tafiya guda zuwa Yamai za a iya sayen ƙwallaye da raga, a biya alƙalan wasa, ɗaruruwan ɗalibai su yi wasa tsawon watanni. Na biyu, kada kowa ya ruɗe ku cewa wasan jami'a zai biya kansa da kuɗin ƙofa. Ko a Amurka, inda ake cika filin mutum dubu ɗari don kallon ɗalibai, jami'o'in da wasanninsu ke ɗaukar nauyin kansu 'yan ƙalilan ne, sauran duk jami'a ke cikawa, da kuɗin da ɗalibai ke biya. A 2020, lokacin korona, Jami'ar Stanford da duk arzikinta ta ba da sanarwar rufe ƙungiyoyi 11, sai da aka yi ta matsa mata sannan ta janye a 2021. Kuma a can akwai rukuni na uku, na ƙananan jami'o'i sama da 400, inda ba a ba kowa bursi don ya iya wasa. Ɗalibi ne tukuna, ɗan wasa daga baya. Wannan rukunin ya fi kama da mu. Wasan jami'a hidima ce kamar ɗakin littattafai, ana kashe masa kuɗi ne don abin da yake yi wa ɗalibi.

Daga ina kuɗin za su fito? Tukunya ba ta zama a kan dutse guda, murhu duwatsu uku ne. Dutse na farko layi tabbatacce a kasafin hukuma. Na biyu gudummawar ɗalibai, idan ƙungiyarsu ta yarda, kuma da sharaɗin a liƙa lissafin a bango kowane zango: abin da ya shigo, abin da ya fita, da rasit. Na uku 'yan gari. Matatar SORAZ tana jaharmu tun 2011. Akwai kamfanonin waya, da na sufuri, da bankuna, da manyan 'yan kasuwar da sunansu ya kai Kano da Agadas. Amma ku sani, ɗan kasuwa ba ya zuba kuɗi a rijiyar da bai ga ƙasanta ba. Wanda ya je masa ana gobe tafiya yana roƙon kuɗin mai, abin da zai samu sadaka ce ta rana guda. Wanda ya je da tsarin shekara a rubuce da lissafin bara, shi ne zai dawo da yarjejeniya.

'Yan uwana mata, ban manta da ku ba. Duk lokacin da kuɗi suka gaza, ƙungiyar mata ake fara ajiyewa, sai a ce ai ba su fitowa. To a tambaye su me ya hana su. Za su ce fili a buɗe yake kowa na leƙe, lokacin atisaye ya yi dare, mai horarwa namiji ne kuma gida ba za a yarda ba. Kowanne cikin ukun nan yana da magani: katanga, lokaci mai kyau, da mace mai horarwa. Idan ɗaliba ta ba da jikarta kamar kowa, tana da haƙƙin ta ga inda rabonta ya shiga.

Sannan wa ya ce wasa ƙwallo ne kawai? Ƙasar nan lambobin Olamfik biyu gare ta: tagullar Isaka Dabore a dambe a Munik a 1972, da azurfar Abdulrazak Isufu Alfaga a tekwando a Riyo a 2016. Duka biyun wasanni ne na mutum guda, waɗanda ba su buƙatar mota cike da mutane. Alfaga kuwa sai da ya je Jamus ya samu horon da ya kai shi can. Ga kokowa, wadda ake gasar takobinta tun 1975, ga filin Langa-Langa a cikin garinmu. Kokowa me take ci? Yashi da alƙali. Garin da ke da wannan gado ya kamata jami'arsa ta zama ta farko da za ta kafa ƙungiyar kokowa ta ɗalibai, da tsofaffin 'yan kokowa a matsayin masu horarwa, a kuma biya su kamar yadda ake biyan kowane malami.

Wasunku sun kalli fim ɗin da Aisha Macky, 'yar garin nan, ta yi a 2021 a kan samarin Kara-Kara. Kun ga ƙartai suna ɗaga ƙarfen da suka haɗa da hannunsu. Ƙarfin yana nan, horon kai ma yana nan, don ba rago ke ɗaga ƙarfe kullum ba. Abin da ya ɓace shi ne wanda zai nuna wa ƙarfin hanya. Filin jami'a da ke buɗe wa yaran unguwa ranar Asabar, da ɗalibai a matsayin masu koya musu, yana iya zama karo na farko da wani yaro zai taka ƙofar jami'a, ya ga ashe mutane ne irinsa a ciki.

Saboda haka ga abin da nake roƙonku, musamman shugabannin ɗalibai. Ku rubuta takarda cikin ladabi, ku kai wa hukumomin da abin ya shafa, da tambayoyi huɗu. Nawa aka ware wa wasanni a wannan shekara? Mutum nawa ne ke aikin, kuma nawa ne na dindindin a cikinsu? Nawa ya tafi ga mata? Idan ɗalibi ya ji rauni yana sanye da rigar jami'a, wa ke biyan maganinsa? Tambaya ba rashin kunya ba ce, ma'aikacin kirki ma daɗi zai ji, don amsar ita ce hujjar da zai kai sama ya nemi ƙari. Idan an ba ku amsa ku kawo ta shafin nan kowa ya karanta. Ku ma kuma duk kuɗin da kuka karɓa daga hannun 'yan uwanku ɗalibai, ku fara liƙa naku lissafin kafin ku nemi na wani.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tambaya ko gyara ya ɗaga hannu, 'yan mata su fara.