Agogon miliyoyi a kan hanyar Kwatano: kafin ka zaro kuɗinka, saurari wannan

Kamar kullum, wanda datarsa ba za ta ɗauki murya ba, ga rubutun shirin nan, a karanta a tura wa wani.

Yau tambaya ce ta kawo mu. Wani ɗan'uwa daga Sabon Tasha ya turo saƙo, ya ce shi da abokansa suna shirin tafiya da mota zuwa Accra a hutun Disamba. Ya tara 'yan kuɗi, kuma an gaya masa agogo mai tsada ya fi araha a Kwatano ko Lome. Wai ya saya ko kar ya saya?

Ɗan'uwa, kuɗinka ne, babu mai hana ka. Amma tunda ka tambaya, zan gaya maka abin da na sani, sannan in ba ka labarin abin da na gani da idona a wannan hanyar da za ku bi.

Mu fara da agogon kansa. Idan matashi ya ce agogo mai tsada, yawanci Rolex yake nufi. Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ne ya kafa kamfanin a Landan a 1905, daga baya ya mayar da shi Geneva ta ƙasar Suwizalan. Irin wannan agogon ba ya aiki da batir, motsin hannunka ne ke ɗaure masa igiyar ƙarfen da ke ciki. Kamfanin yana alkawarin cewa kuskurensa ba zai wuce sakan 2 a rana ba. To ga abin mamaki: Casio F-91W, wancan baƙin na roba da muka ɗaura muna firamare, wanda ya fito tun 1989, kuskurensa wajen sakan 30 ne a wata guda. Ku yi lissafi, sakan ɗaya ke nan a rana. Wato wajen faɗin lokaci, na robar bai bar wa Rolex komai ba. Tun da Seiko ta fitar da agogon hannu na quartz na farko a Japan a 1969, maganar daidaiton lokaci ta daina zama dalilin tsada. Abin da kake biya shi ne aikin hannu, da ƙarfen, da ƙarko, da kuma uwa uba sunan.

Nawa ne sunan? Sabon Submariner na farin ƙarfe, wanda babu zinare ko ɗigo a jikinsa, yana kaiwa wajen dala 10,000 a shagon dilan kamfani. Idan muka ɗauki dala a kan naira 1,500, naira miliyan 15 ke nan. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya yi kusan shekara 18 bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, kafin ya ɗaura shi. Ku riƙe wannan lissafin, za mu buƙace shi.

Ƙari a kan haka, ko da kuɗin a hannunka, ba lallai ka shiga shagon dila ka fito da shi ba. Nau'o'in da aka fi nema, sunanka ake rubutawa a ce ka jira. Attajirai a Dubai da Landan suna bin layi. To kai da ka sauko daga mota da ƙurar Badagry a ka, wane gata gare ka da za a kira ka lungu a ba ka a kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

A ƙarshen 2024 mu biyar muka yi wannan tafiyar. Mun tashi da asuba ta hanyar Abuja, muka bi Lokoja, muka kwana a Ikko, washegari muka tsallaka ta Seme. Daga Kwatano sai Hillacondji, sai Lome, sai Aflao, sai Accra, inda muka sauka a Nima wajen 'yan'uwanmu Hausawan zango. Tafiya ce mai daɗi, kuma ina ba kowane matashi shawara ya yi ta ko sau ɗaya. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar shiga waɗannan ƙasashe ba biza. Ka dai riƙe fasfonka, da katin rigakafin shawara, da takardun mota, har da inshorar nan ta ƙasashen yankin da ake kira Brown Card.

A Kwatano, ɗaya daga cikinmu ya ce zai je canjin kuɗi. Ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo sai ga shi yana ta murmushi, hannun riga a naɗe. Wai ya haɗu da wani mai jin Hausa rangaɗau, ya ce masa, "Yallaɓai, akwai wani kaya, na wani Bature ne da zai koma gida da gaggawa." Aka kai shi bayan wani shago, aka fito da kwali kore, da kati, da 'yar takarda. Aka fara da sefa miliyan ɗaya, aka tsaya a dubu 400. A canjin lokacin, wajen naira miliyan ɗaya ke nan. Kuma kuɗin nan ba rara ba ce. Jarin da ya tara ne zai buɗe shagon POS na biyu, har ya yi wa ƙaninsa alkawarin shi zai zauna a ciki.

Sefa tana ɗaure da yuro, ba ta motsi: yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai. Dubu 400 ke nan yuro 610. Agogon da ake bin layi a kansa a kan kusan yuro 10,000, an sallama maka a 610. Lissafin kaɗai ya isa amsa.

Da muka dawo gida ya kai wa wani dattijo mai gyaran agogo a nan Kakuri. Baba ya juya shi, ya kara a kunne, ya buɗe bayan, ya leƙa da gilashinsa, ya rufe. Ya ce, "Ɗana, injin yana aiki, zai faɗa maka lokaci. Amma idan za ka sayar, kar ka ce ni na duba maka." Shi ke nan. Ƙanin nan har yau yana jiran shago. Kuma wa za ka kama? Babu rasit, babu sunan shago, lambar wayar da aka ba shi ba ta shiga, ga iyakar ƙasa a tsakani.

To yanzu mu koma ga ainihin tambayar: da gaske ne kaya ya fi araha a waje? Wani lokaci e, amma ku san daga ina arahar take fitowa. Yawanci daga harajin VAT ne. A Daular Larabawa kashi 5 ne cikin ɗari, a Suwizalan 8.1, a Saudiyya 15. Wasu ƙasashen suna mayar wa baƙo wani kaso na harajin idan zai fita da kayan, amma sai ya cike takarda an buga masa hatimi. Ingila ma ta soke wannan tsarin tun farkon 2021. Kun ga ragin gaskiya bai wuce ɗan abin da ke tsakanin waɗannan lambobin ba. Babu ƙasar da haraji ke sauke farashi da kashi 90.

Sannan akwai canji. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A tafiyar mota kuma sau biyu ko uku za ka canja kuɗi: naira zuwa sefa, sefa zuwa sidi. Kowane ɗan canji sai ya ci nasa. Ɗan ragin da ka je nema, a nan yake narkewa.

Sai kwastan. Doka ta ce duk wanda zai shiga ko fita Najeriya da kuɗin da suka haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, sai ya bayyana. Ka ga kuɗin agogon gaske ɗaya ya kai ka bakin wannan layin. Sabon kaya mai tsada kuma ana iya neman haraji a kansa idan ka shigo da shi. Kar ku ɗauka talaka kawai ake tarewa. A Janairun 2024 jami'an kwastan na filin jirgin Munich sun tsare Arnold Schwarzenegger na sa'o'i, saboda agogon Audemars Piguet da ya shigo da shi bai bayyana ba. Kai kuma tsakanin Seme da Ikko shingaye nawa za ka wuce, da miliyoyi a wuyan hannunka a waje ta tagar mota?

Idan duk da haka ka ce sai ka saya, ga abubuwa biyar.

Na ɗaya, tun kana gida ka shiga shafin kamfanin na intanet, ka duba sunayen dilolinsu a garin da za ka. Shagon da babu sunansa a nan, ka ɗauka gwanjo kake saya.

Na biyu, kwali da kati ba shaida ba ne, su ma bugawa ake yi. Lambar da ke kan katin garanti sai ta yi daidai da wadda aka zana a jikin agogon. Sabon Rolex garantin shekara 5 gare shi, kuma dilan kamfani ne ke kunna shi ranar ciniki.

Na uku, kar ka dogara da dabarun TikTok, wai a duba nauyi, ko yadda hannun sakan yake sulɓi, ko gilashin da ke ƙara girman kwanan wata. Masu jabu sun daɗe da koyon waɗannan. Sai ƙwararre ya buɗe ya ga injin. Wanda ya hana a buɗe, ya ba ka amsa.

Na huɗu, na gasken ma yana iya zama na sata. Akwai rumbun bayanai a Landan mai suna The Watch Register, inda ake biyan kuɗi kaɗan a duba lambar agogo ko an kai rahoton sace shi.

Na biyar, ka biya ta hanyar da za ta bar sawu, ka karɓi rasit mai sunan shago da lambar agogon. Duk cinikin da aka ce yanzu-yanzu ko a ba wani, bar shi a ba wanin. Ba a cinikin biri a sama.

Wasu za su ce ai jari ne, ajiya ce. Gaskiya ne farashin na hannu ya yi tashin gwauron zabo bayan korona, ya kai ƙololuwa a farkon 2022. Daga nan ya yi ta sauka, waɗanda suka saya a saman suka tafka asara. Kuma jari shi ne abin da za ka iya sayarwa ranar da ka matsu. A nan Kaduna, ranar da aka kwantar da mahaifiyarka asibiti, wa zai ƙirgo maka miliyan 15 kafin magariba?

Bari in faɗi abin da ya fi damuna. Mu 'yan kudancin kogin nan mun tashi a inuwar masaƙu. Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, Peugeot ta fara harhaɗa motoci a 1975. Iyayenmu sun ɗaura Seiko 5, alhazai suna kawo Rado tsaraba daga Makka. Agogon nan aiki yake yi musu, don akwai jiniyar da za ta busa, akwai ƙofar da za a rufe idan ka makara. Masaƙar ta tsaya a 2002, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Yau muna da digiri, muna da lokaci har ya yi mana yawa, babu inda ake jiran mu ƙarfe bakwai. Sai agogo ya koma abin nuna wa kyamara. Ban ga laifin mai son ado ba, ni ma ina so. Amma ku tuna wanda ya koya wa da yawanmu wannan salon a Instagram. Hushpuppi, wato Ramon Abbas, an kama shi a Dubai a Yunin 2020, a Nuwamban 2022 wata kotu a Amurka ta yanke masa wata 135. A cikin takardun shari'ar akwai agogon Richard Mille na wajen dala 230,000 da aka saya da kuɗin damfara. Mu hoton muka gani, mai kuɗin yana can yana kuka.

Saboda haka ɗan'uwana na Sabon Tasha, ga amsata. Ka yi tafiyarka, ka ga teku a Lome, ka ci waakye a Nima, ka zauna da dattawan zango su ba ka tarihin fataken goro. Idan kana son tsaraba, sayi Seiko ko Casio ko Citizen na ainihi a shago mai rasit, daidai ruwa daidai tsaki. Idan kuɗin da ka tara jari ne, ko kuɗin makaranta, ko na aure, ka bar su a banki kafin ka hau mota, don kwaɗayi a bakin hanya ya fi ƙarfin niyya. Ranar da sana'arka ta kai ka sayi Rolex ba tare da gidanku ya ji a jikinsa ba, ka shiga ta ƙofar gaba, a ba ka kujera, a rubuta sunanka a kati.

Ku kuma masu karatu, wa ya taɓa sayen kaya a hanya ya dawo ya ga ba haka ba? Ku ba mu labari a ƙasa, ba sai kun kama sunan kowa ba. Ku tura wa abokin nan naku da ke shirin tafiyar Disamba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya kai mu, ya tsare mana hanya.