Resista Ɗaya da Zafin Bazara



Duk wanda ya san Anka, Gummi da Bukkuyum ya san a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. A wannan lokaci ne lasifikar masallaci da ta mai shela a kasuwa kan shaƙe, murya ta dushe. Jama'a sai su ɗora wa batir laifi, alhali sau da yawa laifin na resista ɗaya ne, watau wanda ke tsayar da tiransisto a kan aikinsa kafin murya ta shigo.

Tiransisto ba ya son zafi. Da ya ɗumama, sai ya ƙara jan wuta. In an ciyar da ƙafarsa ta bes kai tsaye daga batir, babu mai tsawata masa. Amma in aka ɗauko resistan daga ƙafar kwalekta aka komo da shi bes, to, da ya ƙara jan wuta sai ƙarfin lantarkin kwalekta ya ragu, abin da ke isa bes ma ya ragu, ya koma kan hanya. Tushen wannan dabara ta komowa shi ne binciken Harold Black na Amurka a 1927.

To, nawa za a sa? A ce batir bolt 12 ne, resistan kwalekta om 4,700. Ana so kwalekta ta zauna a rabi, bolt 6, domin murya ta sami filin hawa da sauka. Wutar da ke bi miliamfa 1.3 ke nan. In tiransiston na ninka wuta sau 200, bes na bukatar kashi ɗaya cikin 200 na wannan. A ɗebe 0.7 daga 6, a raba da wutar bes, sai a sami kusan om 820,000.

Ku duba amfaninsa. Ko ninkin ya kai 400, kwalekta za ta sauka zuwa wajen bolt 4 kurum, aiki ya ci gaba. Ba don komowar ba, da ta faɗi warwas. Amma kowane allazi da nasa amanu: in resistan ya yi girma, tsawatarwarsa ta yi rauni, in ya yi ƙanƙanta, sai ya danne muryar makirfo.

Saboda haka, 'yan'uwa, in mun koma gida hutu, mu zauna da masu gyaran rediyo. Su ke da hannu, mu ke da lissafi. Kada a canza resista da ka. A auna bolt na kwalekta tukuna, da tsakar rana kuwa, ba da sanyin asuba ba.