Bayan Karo: Tsohuwar Mota da Haƙƙinka a Kamfanin Inshora

Yau maganarmu da mai tsohuwar mota ce, irin Golf ko Corolla ko Fijo 406 da ta kwana biyu a hannu, aka wayi gari ta yi karo. Rai ya tsira, alhamdu lillahi. To, sai me?

Abin da muka saba shi ne a taru a bakin titi, a yi "Allah ya kiyaye gaba", kafin la'asar an ja mota gareji an fara bugun ƙarfe. Wannan hanzarin ne ke cinye haƙƙin mutane, domin kamfanin inshora ba ya biyan ɓarnar da bai gani ba. Kafin a motsa motar, ka ɗauki hotunanta ta kowane ɓangare, da lambar ɗaya motar, da takardar inshorar mai ita. Idan akwai wanda ya ji rauni, a kira hukumar kiyaye haɗurra a 122. Ka karɓi rahoton 'yan sanda, ka sanar da kamfaninka a rubuce, ranar ko washegari. Kada kuma kunya ta sa ka rattaba hannu cewa laifinka ne kafin kamfani ya ji labari. Yawancin yarjejeniyoyi sun hana hakan.

Wace irin inshora gare ka? Wadda doka ta wajabta, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 daga 5,000 tun 1 ga Janairun 2023, ba motarka take gyarawa ba. Motar wanda ka buga take gyarawa, har zuwa naira miliyan 3. Idan kai aka buga, kamfanin wanda ya buge ka za ka nufa. Amma fa sai takardarsa ta gaske ce, domin na bogi sun cika gari. Danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar mota, ka gani ko tana cikin rajistar ƙungiyar kamfanonin inshora. Ka fara da taka, yau ɗin nan.

Mai cikakkiyar inshora, ka matso kusa, domin a nan tsufan mota ke shigowa. Kamfani zai turo mai kimanta ɓarna, ya gwada kuɗin gyara da darajar motar a kasuwa ranar da ta yi hatsari. Idan gyaran ya kusa cinye kuɗin motar, sai su ce ta tashi daga aiki, su biya ka darajarta, su ɗauki gawar. Kana iya neman a bar maka ita a cire kuɗinta, idan kana ganin za ta gyaru. Idan kuma aka sa wa motar shekara 20 sabon lagireto, suna iya cewa ta fi yadda take a da, ka cika wani abu. Akwai kuma kason farko da yarjejeniya ta ɗora maka tun asali.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: tun faɗuwar darajar naira a 2023 kuɗin mota ya yi sama, amma mutane na sabunta inshora a kan tsohon farashi don su rage abin da za su biya. Ranar karo, kamfani ba zai wuce adadin da ka rubuta ba. Idan lokacin sabuntawa ya zo, ka rubuta farashin gaskiya. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, tsarin taimakekeniya bisa shari'a, kuma NAICOM ce ke ba shi lasisi.

Sai gyara. Fenti shi ne na ƙarshe, ba na farko ba. Ka sa bakanike ya fara duba shasi, domin idan ya karkace, mota za ta riƙa cin taya gefe guda, sitiyari na janka, kuma a karo na gaba ba za ta kare ka ba. A duba ƙafa da birki da lagireto. Kayan Beljiyam na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna sun wadatar ga ƙofa da bamba da fitila, sau da yawa ma sun fi sabbin jabu ƙarko. Amma bel ɗin kujera da ya riga ya riƙe mutum a karo, da jakar iska da ta fashe, canza su ake yi, ba a like wurin a rufe. Kowane kaya ka saya, ka karɓi rasit.

Idan ka cika takardu kamfani ya yi ta yi maka gobe-jibi, NAICOM na da sashen karɓar ƙorafi. Ka kai musu kwafin wasiƙar da ka fara rubutawa, da kwanan watan da kamfani ya karɓa.