Annobar Korona a Bakin Iyaka: Filin Wasa, Makaranta da Lafiyar Jama'a

  

An nemi in yi bayani a kan yadda annobar korona ta shekarar 2020 ta dagula kakar wasanni, da sha'anin makarantu, da lafiyar al'umma. Ni kuwa, da na yi nazarin al'amarin, sai na ga babu inda ya fi cancanta a tsaya a dube shi kamar nan Illela, domin garin da ke bakin iyaka yana ganin hukuncin gwamnati biyu a lokaci guda, yana kuma ɗanɗana sakamakon kowanne a jikinsa. Ku tuna, kafin kowa ya ji sunan wannan cuta, tun cikin watan Agusta na 2019, gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta riga ta rufe iyakokin ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da sauran kayayyaki, har dillalan kara, da 'yan kamasho, da 'yan canjin sefa, da masu kabu-kabun da ke zirga-zirga tsakanin nan da Birnin Konni suka shiga ƙunci. Saboda haka, sa'ad da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Legas ran 27 ga Fabrairu 2020, sa'an nan Jamhuriyar Nijar ta sami nata ran 19 ga Maris ta kuma rufe nata ɓangaren, kulle ne ya hau kan kulle, ba a kuwa sake buɗe wannan ƙofa tamu ba sai ran 16 ga Disamba 2020, tare da ta Seme da Maigatari da Mfum.

Bari in fara da wasanni, ko da yake na san a cikin dattawanmu akwai masu ganin ƙwallo lagawu ne da ba ya cancanci a ambace shi a majalisin ilimi ba. Ina roƙonsu su yi mini uzuri, gama akwai darasi a ciki wanda zan bukata nan gaba. A tsakiyar watan Maris na 2020 hukumar da ke gudanar da gasar ƙwararru ta Nijeriya ta dakatar da wasa bayan mako na 25, alhali Plateau United ta Jos tana kan gaba. Bikin wasanni na ƙasa da aka shirya yi a Benin ta jihar Edo a cikin wannan watan aka ɗage shi, bai yiwu ba sai Afrilun 2021. Gasar Olamfik ta Tokyo ita ma sai da ta jira shekara guda cur. A nan gida kuwa, gidajen kallon ƙwallo, waɗanda samari ke cika su duk Asabar da Lahadi, suka yi tsit tun daga ran 13 ga Maris da aka tsayar da gasar Firimiya ta Ingila, mai gidan kallo ya rasa kuɗin ƙofa, mai shayi da mai tsire da ke bakin ƙofarsa suka rasa ciniki, haka nan 'yan dambe da 'yan kokowa da makaɗansu, waɗanda abincinsu yana cikin taron jama'a ne.

To, abin lura shi ne yadda ma'abota ƙwallo suka yi da asararsu. Ingila ta koma fili ran 17 ga Yuni ba tare da 'yan kallo ba, ana yi wa 'yan wasa gwaji a kai a kai, har Liverpool ta ɗauki kofin da ta shekara 30 tana nema. A Nijeriya, da aka ga ba za a iya ƙarasa kakar ba, sai masu ƙungiyoyi da hukuma suka zauna suka fitar da ƙa'idar hisabi, wato a raba makin kowace ƙungiya da adadin wasannin da ta buga, a ga abin da ya tashi. Da wannan hisabi aka tsara teburi, Plateau United ta zauna a sama, aka yi doguwar jayayya tsakanin Enyimba da Rivers United a kan matsayi na biyu, Kano Pillars kuwa ta wakilci ƙasa a gasar Afirka albarkacin kofin ƙalubale da ta ci a 2019, kuma ba a saukar da kowace ƙungiya zuwa ƙaramin rukuni ba, don kada a hukunta wani a kan abin da ba laifinsa ba ne. A ƙarshen Disamba aka buɗe sabuwar kaka. Duk wanda ya yi asarar maki ɗaya ya sami wanda zai tsaya masa, ya ƙidaya masa, ya yi husuma a madadinsa.

Yanzu mu juya ga makaranta, mu tambayi kanmu ko ɗan aji uku na firamare a ƙauyukan ƙasar Illela ya sami mai yi masa irin wannan hisabi. Gwamnonin arewa maso yamma sun sanar da rufe makarantu na kwana 30 daga ran 23 ga Maris, gwamnatin tarayya ma ta ba da irin wannan umarni ga ƙasa baki ɗaya, amma kwana talatin ɗin nan sai da suka zama wata shida da ɗoriya ga mafi yawan yara. 'Yan ajin ƙarshe na sakandare kaɗai aka mayar ran 4 ga Agusta, don su zauna jarrabawar WAEC da aka fara ran 17 ga watan, sauran kuwa sai wajen Oktoba. Ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kuma annoba ta haɗu musu da yajin aikin malaman jami'a, wanda ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba. A ƙetaren iyaka, gwamnatin Shugaba Mahamadou Issoufou, wadda ita ma ta rufe makarantu a watan Maris, ta sake buɗe su tun ran 1 ga Yuni. Ashe ke nan, yara biyu 'yan wa da ƙane, masu harshe ɗaya da addini ɗaya, waɗanda iyayensu ke cin kasuwa ɗaya, ɗaya ya koma aji kafin damina ta kankama, ɗaya kuwa sai da aka yi girbi. Ba don cutar ta fi tsanani a Illela bisa Konni ba, sai don an yanke hukuncin ɗaya a Abuja, inda idon mahukunta ke kan Legas, na ɗayan kuma a Yamai.

Ban faɗi wannan don in zargi waɗanda suka rufe makarantu ba. A watan Maris babu likitan da ya san iyakar sharrin cutar, kuma wanda aka ɗora wa amanar rayuka, idan ya yi kuskure ta wajen taka-tsantsan, yana da uzuri a wurin Allah da wurin mutane. Abin da nake kuka da shi shi ne abin da ya biyo bayan buɗewa. An ce an shirya darussa ta rediyo da talabijin da intanet, gaskiya ne an shirya, kuma waɗanda suka yi aikin sun cancanci yabo. Amma ku malaman makaranta da ke zaune a nan kun fi ni sanin cewa yaron da bai riga ya iya haɗa baƙi da wasali ba, rediyo ba ta koya masa karatu, kuma gidan da babu lantarki, wayar hannu ɗaya ce tak a aljihun maigida, ba a zancen darasin intanet a cikinsa. Lokacin rufewar kuma ya faɗa daidai da shuka da noma, yara maza suka bi iyayensu gona da kiwo, waɗansu suka ɗanɗana kuɗin dako da tallace-tallace, suka ga aji ya yi musu nisa. 'Yan mata da yawa kuwa, waɗanda da ma da ƙyar aka shawo kan iyayensu suka bar su suka shiga sakandare, aka ɗaura musu aure a cikin wannan tsakani. Da aka buɗe, sai aka matse zangunan karatu, aka ciyar da kowa gaba zuwa aji na gaba, aka ci gaba da manhaja daga inda takarda ta ce a ci gaba, ba daga inda yaro ya tsaya ba. Ƙasar da Asusun UNICEF ya daɗe yana cewa tana da yara fiye da miliyan 10 da ba su zuwa makaranta, mafi yawansu a nan Arewa, ba ta da sararin da za ta yi asarar ko da aji ɗaya ba tare da ta bi sawunsa ba.

Almajiran tsangaya kuwa, nasu ya fi na kowa ɗaci. A watan Afrilu gwamnonin Arewa suka yi ittifaƙi a mayar da kowane almajiri jiharsa ta asali, aka loda yara a motoci daga Kano da Kaduna da sauran birane, daga baya gwaji ya nuna waɗansunsu suna ɗauke da cutar, wato an kwashe ta daga inda take an kai ta inda babu ita. Wannan ya saɓa wa ilimin likitanci, ya kuma saɓa wa Sunna, domin hadisi ingantacce ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana na ciki fita. Kuma Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya ji labarin annobar Amwas yana kan hanyar Sham, ya yi shawara da sahabbai ya juya da jama'arsa, ya kuma bayyana cewa juyawar tasa ita ma tana cikin ƙaddarar Allah. Killacewa ba bidi'ar Turawa ba ce. Hafizi Ibn Hajar ya wallafa littafi sukutum a kan annoba, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a wannan ƙasa tamu, ya rubuta risaloli a kan ɗibbu da magunguna. Da an gabatar wa jama'a dokokin 2020 ta bakin malamansu da hujjojin da suka sani tun daga farko, da gardamar da aka sha a kan rufe masallatai, da dakatar da tafsirin azumi, da hana hawan salla, ba ta kai inda ta kai ba, musamman a Nijar inda abin ya kai ga tarzoma kafin a buɗe masallatai a watan Mayu. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya yi kira a bi umarnin likitoci, kuma da Saudiyya ta hana alhazan ƙetare aikin Hajji a 2020 da 2021, masu shakka da yawa sun sake tunani.

Game da lafiyar jama'a, wajibi ne a faɗi gaskiya ta kowane ɓangare. Masu cewa babu cutar sam ba su yi adalci ga mamatan Kano ba, inda a cikin watan Afrilu aka yi ta jana'izar dattawa da malamai da manyan ma'aikata, har Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa bincike ya nuna rabi ko fiye na mace-mace kusan 1,000 da aka duba suna da alaƙa da korona. Amma talakan da ya ce yana da cututtukan da suka fi wannan kashe masa 'ya'ya, shi ma bai yi ƙarya ba. Adadin waɗanda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar korona ta kashe a Nijeriya tun daga farko bai wuce 3,000 da 'yan kai ba, alhali amai da gudawa, a shekarar 2021 kaɗai, an yi zaton ta kama mutum fiye da 100,000, ta kuma kashe fiye da 3,000, galibinsu a jihohin Arewa, Sakkwato na ciki. Ga sanƙarau da ya ratsa Zamfara da Sakkwato a 2017, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da ba su taɓa barinmu ba. A watannin kulle mata masu juna biyu sun ƙaurace wa awo don tsoron a killace su, rigakafin yara ya ja baya, wannan ma asara ce da ba a rubuta ta a lissafin annoba ba. Duk da haka, a cikin wannan shekara mai wuya, ran 25 ga Agusta 2020, aka ba da shaidar cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, nasarar da ba a same ta ba sai da sarakuna da malamai da mata masu bi gida gida suka sa hannu; wannan hanyar ce aka sake bi sa'ad da allurar korona ta iso Abuja ran 2 ga Maris 2021.

Iyakar nan da Ingila da Faransa suka shata da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 tana iya tsayar da tirelar shinkafa, amma kowa a ɗakin nan ya san ba ta taɓa tsayar da mai zuwa biki ko ta'aziyya ko jinya ta hanyar daji ba, kuma duk inda mutum ya bi, cutarsa na biye da shi. Rufe babbar ƙofa ma sai ya kore matafiya daga inda ma'aikacin lafiya zai iya auna zafin jikinsu zuwa inda babu mai ganinsu. Don haka nake roƙon shugabannin ƙaramar hukuma da iyayen ƙasa su nemi zama na dindindin da takwarorinsu na Konni, ko sau ɗaya ne a kowane wata uku, inda jami'in lafiya na nan zai gaya wa na can abin da ya gani na sanƙarau ko ƙyanda ko kwalara kafin takarda ta je Abuja da Yamai ta dawo, a kuma daidaita ranakun rigakafi don kada yaro ya kuɓuce wa ɓangarorin biyu. Ku kuma shugabannin makarantu, rajistar 2019 tana nan a ofisoshinku. Ku ɗauko ta ku gwada da ta 2021, ku fitar da sunan kowane yaro da kowace yarinya da ba su dawo ba, ku miƙa wa mai unguwa da limamin kowace shiyya, a san inda suke, a ga wanda har yanzu za a iya mayarwa aji ko a sa shi ajin yaƙi da jahilci, matan auren cikinsu kuma a buɗe musu ajin yamma ko na Islamiyya mai haɗe da boko.