Gyambon Ƙafa Da Asalinsa

Yau zan yi muku magana a kan gyambo, irin wanda ya kan fito bisa idon sawu, ya shekara bai warke ba, in ma ya warke ya sake dawowa. In kun zaga kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, ba ku rasa ganin mai tsumma ɗaure a ƙwauri. Waɗansu su kan ce sammu ne. To, ku saurara ku ji asalinsa.

Jinin da ya sauka ƙafa tilas ya hau ya koma zuciya. Cikin jijiyoyin da ke mai da shi akwai 'yan ƙyamare, ba su buɗewa sai sama. Kadan suka lalace, sai jini ya riƙa komowa ƙasa yana taruwa. Ƙafa ta kumbura, fata ta yi baƙi ta yi tauri, ƙanƙanen ƙurji ya zama gyambo. Mai yini tsaye ya fi kowa shan wuyarsa.

Kun san katangar da indararonta ya fashe. Kome yawan yaɓe, in ruwa ya zo sai ta zube. Haka gyambon nan ya ke, shafa magani kaɗai ba ya raba ku.

Da fari likita ya kan naɗe ƙafar tam da bandeji, tun daga tushen yatsu har gindin gwiwa. Sa'an nan akwai fiɗa, watau a ɗaure jijiyar da ta lalace, a zare ta. Kada ku ce jini zai rasa hanya, gama manyan jijiyoyi na can cikin tsoka, su ke ɗaukar mafi yawansa.

A Ingila, cikin 2004, likitoci suka ba da labarin gwajin da suka yi da mutum 500. Cikin kowane 100 da aka yi wa naɗi kaɗai, 28 gyambonsu ya dawo cikin shekara guda. Waɗanda aka haɗa musu da fiɗa kuwa, 12 kaɗai. Cikin 2018 kuma aka ba da labarin wani gwaji da mutum 450, inda a ke toshe jijiyar ta ciki da zafi ko da allura. Waɗanda aka yi wa da wuri, rabinsu sun warke cikin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuwa sai kwana 82.

Amma ku yi hankali, ba kowane gyambo ne na wannan jijiya ba. Sikila da ciwon sukari su ma suna kawo shi. In kuwa hanyar da ke kai jini ƙafa ce ta toshe, ɗaurin tam ɓarna zai yi. Saboda haka kada ku ɗaure da kanku. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello na nan Shika, gaba kaɗan da Samaru. Ku tafi a duba, ku faɗi kome, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Allah ya ba mu lafiya, amin.