Jawabin Wakilin 'Yan Kasuwa: Annobar Korona Da Ribar Kamfanonin Waya Da Intanet



An nemi mu 'yan kasuwa mu ce wani abu game da yadda korona ta taɓa ciniki. Namu labarin kowa ya san shi. A ƙarshen watan Maris na 2020 gwamnati ta kulle Abuja da Legas da Ogun, daga baya aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Duk da an ce kayan abinci su wuce, masu saye sun ɗauke ƙafa, hanyar Keffi zuwa Akwanga ta yi tsit, wasunmu har jari suka ci.

To amma faɗuwar wani tashin wani. Da aka zaunar da duniya a gida, sai kowa ya koma kan waya. Kamfanin MTN na Nijeriya ya samu kuɗin shiga kimanin naira tiriliyan 1.17 a 2019, a 2020 suka kai wajen 1.35. Abin da ya samu ta sayar da data kaɗai ya ƙaru da kimanin rabi. A Amurka, ribar Amazon, mai kai wa mutane kaya har gida, ta tashi daga dala biliyan 11.6 zuwa 21.3. Zoom kuwa, da ake taro ta bidiyo da shi, cinikinsa ya ninka sau huɗu. Jama'a, katin da muke sayawa, da datar da yaranmu suka ƙona lokacin da makarantu ke rufe, ai duk suna cikin wannan lissafi.

Sai dai su ma ruɗi ya ɗebe su. Sun ɗauka kasuwar ta zauna ke nan, suka yi ta ɗaukar ma'aikata. Da aka buɗe gari, mutane suka fita, sai abin ya ja baya. A Nuwamban 2022 kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum 11,000. A Fabrairun 2023 Zoom ya sallami 1,300.

Nan ne maganar ta zo kanmu. Samarinmu da yawa suna zuwa neman rancen ƙungiya don su buɗe POS, saboda sun ga abin da aka samu lokacin kulle da kuma lokacin ƙarancin takardun naira a 2023. Wannan ribar matsi ce ya kawo ta. Yau ku duba bakin titi, lema nawa ce a jere?

Shawararmu ita ce, duk wanda za a ba jari, a haɗa masa POS da wata sana'a, ko hatsi ne ko riɗi ko kayan tireda. Mu manya kuma mu daure mu koyi karɓar kuɗi da tura hoton kaya ta waya, mu ajiye lambobin abokan cinikinmu, domin ranar da hanya ta sake rufewa ciniki kada ya tsaya.

Allah Ya kare mu daga annoba, Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.